Waƙar Shinkafa, Hoton Dubai

Ɗan ƙanwata ya yi waƙa. Kuɗin da ya samu a aikin shinkafar rani ya tara, ya shiga Kano ya buga ta a situdiyo, ya dawo yana ta tura wa jama'a. Ran Lahadi muna cikin mota za mu gida daga kasuwar Gujungu, sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, ji wannan ka sa mini albarka."

Waƙar ba ta da laifi ko kaɗan. Kirari ne ga manoman fadama masu kwana gindin injin ban-ruwa sauro na cin su, da mata masu shiƙa a bakin gona. Ko gaban surukanka ka kunna ta ba za ka sunkuyar da kai ba.

Hoton da ya ɗora mata ne ya ɓata mini rai. Ga shi nan jingine da wata farar mota da ko a Dutse ban taɓa ganin irinta ba, baƙin tabarau a ido, dogon benen nan na Dubai a bayansa, daloli na zubowa daga sama. Can gefe zaki ya wage baki. Ba shinkafa, ba ruwa, ba manomi ko ɗaya. A kusurwar ƙasa kuma ga wani ɗan tambari baƙi da fari mai rubutun Turanci.

Na ɗora yatsa a kai na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Ai haka ake yi, Kawu. Duk manyan mawaƙa suna sa shi."

Tambarin nan gargaɗi ne. Kamfanonin faifai na Amurka suka fara liƙa irinsa daga 1985, bayan matan wasu manyan 'yan siyasa sun tayar da ƙura kan batsa a waƙoƙi, a 1990 kuma aka tsayar da siffar tasa ta baƙi da fari. Aikinsa ya gaya wa iyaye cewa akwai ashar ko batsa a faifan nan, su kula da 'ya'yansu. Ke nan yaron da ya yi waƙa mai tsabta shi da kansa ya buga mata shaidar batsa. Kuma a Kano ya yi ta, inda Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, ba ta wasa da irin wannan.

Ra'ayina a taƙaice: bangon waƙa, wato hoton da ake ɗora mata, magana ce da mawaƙi ke yi kafin ya buɗe baki, kuma yawancin mawaƙanmu na zamani sun sakar wa wasu suna yi musu ita da abin da suka ga dama. Abu biyu nake nema. Hoton ya fito daga cikin waƙar, sannan a rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin da shekarar da aka yi shi.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini yawancinsa a majalisa.

"Mu nan ji muke yi, ba kallo ba"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi. Mai amalanke ya rataya rediyo mai memori a jikin karkiya, mai shayi ya kunna sifika, matar gida tana daka da 'yar rakani-kashi a gefen turmi. Cikinsu ba mai ganin bango. To wahalar ta mece ce?

Gaskiya ne waɗannan ba sa gani. Amma wa ya kai musu waƙar? Saurayi ne mai babbar waya, wanda ya fara cin karo da ita a WhatsApp ko TikTok ko Audiomack, kuma hoton ya fara gani kafin ya taɓa. Ka tsaya a shagon mai tura waƙoƙi ranar kasuwa ka ga yadda ake ciniki. Yaro ya leƙa kan kwamfuta yana nuni da yatsa: sa mini wannan, bar waccan. Sau da yawa bai taɓa jin su ba. Hoton ne ya yi masa zaɓi.

Batun kuma wai mutumin ƙauye ba ya karanta hoto, wanda ya faɗi haka bai zauna da mu ba. Tsohuwar da ba ta san bihim ba tana rarrabe tsintsiya da lema a takardar ƙuri'a. Manomi daga nesa yake gane buhun takin da ya saba da shi, da kwalbar maganin feshin da ta taɓa ƙona masa wake. Mata suna raɗa wa atamfa suna saboda zanenta. Kowa a ƙasar Kano da Jigawa ya san rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, na sarki ne da 'ya'yan sarauta, ya san ja da kore kayan dogarai ne, ya san aska takwas a gaban riga ba ɗaya take da aska biyu ba. Mutanen da ke karanta naɗin rawani tun daga bakin kasuwa su ne za a ce ba su gane hoto?

Da can ma ba haka kawai aka same shi ba

Faifan garmaho na farko a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da shi, ba zane ba komai. Wajen 1940 wani matashi mai suna Alex Steinweiss, ma'aikacin kamfanin Columbia a Amurka, ya shawo kan iyayen gidansa suka bari ya zana wa faifai bango. Ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi sahu. Da dogon faifai mai inci 12 ya fito a 1948, sai mai zane ya samu fili sosai. Daga nan filin ya yi ta tsukewa: kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 kwalinsa bai wuce tafin hannu ba, faifan CD ya zo a 1982, yau kuma hoton da ke kan waya bai fi farcen babban yatsa ba.

Wasu na ɗaukar wannan tsukewar a matsayin dalilin yin sakaci. Ni akasin haka nake gani. Idan filin ya yi ƙanƙanta, ba wurin cusa mota da zaki da bene da daloli a lokaci guda. Duk sai su cakuɗe su zama dabbare-dabbare. Ƙaramin fili abu ɗaya yake so, bayyananne, da launi biyu ko uku, da suna wanda ido zai iya karantawa.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A Legas, daga 1974, wani yaro da bai kai shekara 20 ba, Lemi Ghariokwu, ya fara zana wa Fela Kuti bangon faifai, har ya yi masa guda 26. Sai ya saurari waƙar tukuna, ya san abin da ya jawo ta, sannan ya ɗauki alƙalami. Shi ya sa 'yan sanda da sojoji da cunkoson Legas da ke cikin waƙoƙin duk suna nan a bangon. Ko ba ka jin Turancin Fela, ko ba ka son halinsa, in ka riƙe faifan ka san da wa yake faɗa. Yau ana baje waɗannan zane-zane a gidajen nune-nune na ƙasashen waje. Abin da ya ba su daraja shi ne ba za ka iya cire ɗaya ka liƙa wa waƙar wani ba.

Gwada wannan da namu. Ɗauki bangon waƙoƙi goma na samarinmu, ka goge sunayen, ka musanya hotunan. Ba wanda zai lura, har su mawaƙan.

"Mota da kuɗi su ke sayar da waƙa"

Wani abokina direba ya ce mini, "Malam, ka bar yara su yi buri. Ai makaɗan da ma da doki da riga suke tutiya."

Haka ne. Makaɗin Hausa bai taɓa jin kunyar nuna abin da ya samu ba. An ba shi doki, ya faɗa. An ba shi mota, ya faɗa, an kai shi Makka, ya faɗa. Amma ka lura, yana faɗin wanda ya ba shi, da garin da aka ba shi, wani lokaci har da waɗanda ke wurin. Tutiyar tasa godiya ce, kuma tarihi ce. Motar da aka yanko daga intanet aka manna a bayan yaro fa, wa ya bayar? Wa ake gode wa?

Ba na ƙin mawaƙi ya yi ado. Mai waƙar biki ya sha shadda ya kafa hula, daidai ne, don biki wurin ado ne. Wanda ya yi waƙar kuɗi ya sa kuɗi. Inda muka raba hanya shi ne a yi waƙar uwa da hoton mota, waƙar rabuwa da hoton mota, waƙar damina da hoton mota.

Akwai kuma abin da irin wannan hoto ke raɗa wa yaron ƙauye a kunne. Muryar mawaƙin tana cewa noma abin alfahari ne, hoton yana cewa amma bai kai a ɗauke shi a nuna ba. Kuma hoto ya fi murya saurin shiga. Ban ce shi ke kwashe samari zuwa birni ba, talauci da rashin aikin rani sun ishe su dalili. Sai dai bai kamata mawaƙin da ya tashi kare mutuncin manomi ya zama shi ne mai ɓoye shi ba.

Dagin Arewa ma ba magani ba ne

Kada wani ya ce to shi ke nan, a cire mota a sa raƙumi. Wannan ma lalaci ne, rigarsa ce kawai daban.

Akwai masu zanen da in an ce "gargajiya", nan take sai dagin Arewa a kusurwa huɗu, ƙwarya, tulu, da faɗuwar rana. Dagin nan yana da darajarsa, tun zamanin Sardauna ya zama alamar Arewa, ga shi a bangon fada da gaban riga da jakar fata. Amma an yi ta manna shi a kalandar banki da katin biki da allon shago har ya daina cewa komai. In ka sa shi a bangon waƙa, abin da ka gaya wa mutane kawai shi ne kai ɗan Arewa ne. Wannan kuwa muryarka ta riga ta faɗa.

Yanzu ga sabon salo ya shigo, hoton ƙirƙirarriyar basira, wanda na'ura ke haɗawa da kanta. Na ga wani a kan waƙar yabon wani hakimi. Kallon farko ya yi kyau, sai sheƙi yake. Da na buɗa shi sai ga rawani an naɗa shi irin na Indiyawa, aikin rigar ya tashi daga dama ya ɓace a tsakiya, hannun da ke riƙe da linzami yatsu shida, dokin kuma ba likkafa. A bayansa tudun yashi ne da gine-gine masu ƙubba irin na Larabawa, ga wani rubutu a sama da ba Larabci ba ne ba ajami ba, kama kawai ya yi da su. Na'urar ba ta san bambancin Haɗeja da Bagadaza ba. Wanda ya karɓi hoton ya watsa shi ya kamata ya sani.

Abin da ke ba ni mamaki, kayan aiki a ƙofar gida suke. Jan zoɓo da aka shanya a tabarma. Damman riɗi a tsaye bayan yanka. Kwale-kwale da koma a fadamar Haɗeja. Duwatsun Dutse da dabinonta. Shuɗin baba a hannun marini. Zanen bayan manyan motoci, wanda shi kansa wata makaranta ce ta launi da rubutu. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen zamanin da suka bari, kusa da duwatsun da ake bugawa su yi amo, ke nan haɗa zane da sauti ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ba cewa nake a kwashe su duka a zuba ba. A ɗauki ɗaya, wanda waƙar ta kira. Waƙar noman rani hoton ƙafa cikin taɓo da bakin tiyo yana aman ruwa ya ishe ta, kuma wayar da ke aljihun mawaƙin za ta iya ɗauka.

Masu ƙyamar hoto

Akwai waɗanda ke guje wa hoton mai rai saboda addini, musamman cikin sha'irai da masu waƙoƙin wa'azi. Ba ni da ja da su, wannan fagen malamai ne. Abin da zan ce kawai, bango ba dole sai da fuska ba. A 1968 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da faifai da farin bango fes, a 1973 kuma Pink Floyd suka sa baƙin bango da 'yar dala mai kusurwa uku tana rarraba haske zuwa launuka. Dukansu suna cikin bangayen da aka fi sani a duniya, kuma ba mutum a jiki. Mu da muke da zayyanar allon sauka, da rubutun ajami, da zanen hula, da sassaƙar ƙwarya, mu ne za mu rasa abin sawa?

Ina sunayen?

Wannan ya fi hoton damuna.

Wanda ya yi zamanin kaset ya tuna yadda abin yake. Kaɗan ne ke zuwa da kwalin kamfani. Yawanci kwafi ne mai rikoda ya yi maka a kasuwa, ya rubuta sunan makaɗin da biro, shi ke nan. Ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan 'yan amshi. Sakamakon haka muna gani yau. Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma har gobe ba mai iya ce maka ga adadin waƙoƙinsa. Masu nazari sai sun bi tsofaffi da ma'ajiyar gidajen rediyo kafin su kintaci shekarar da aka yi wata waƙa. Haruna Uji ɗan Haɗeja ne, namu ne, amma tambayi saurayin da ke jin gurminsa a waya yaushe aka ɗauki abin da yake ji.

Da waƙoƙin fim suka zo sai aka ƙara wani zalunci. Kwalin kaset da na CD fuskar jarumi da jaruma ake sawa, don su ke jawo mai saye. Wadda ta rera waƙar tana can situdiyo, an sallame ta da abin da aka sallame ta. Mutane da yawa a ƙauye sun daɗe suna zaton jarumar da ke motsa baki ita ce mai muryar. Har yau za ka ji waƙa mace ta ɗauki rabinta, amma a bango sunan namijin kaɗai, da manyan baƙaƙe masu ruwan gwal.

Za a ce ai mu al'adarmu a cikin waƙa ake ambaton suna. Gaskiya ne, kuma al'ada ce mai kyau. Makaɗan da suna kiran masu kalangunsu da 'yan amshinsu, na yanzu ma suna ambaton situdiyo da mai kiɗa a farko ko a ƙarshe. To amma yanzu waƙa ba ta tafiya ɗungurungum. Daƙiƙa talatin ake gutsura a ɗora a TikTok, kuma ba wurin gaisuwar ake gutsura ba. Sannan ba kasafai mawaƙi ke rera shekarar da ya yi waƙa ba.

Abin da mawaƙa da yawa ba su kula da shi ba shi ne, fayil ɗin waƙa yana da wurin ajiye hoto da suna da shekara a cikinsa. In an cika wurin, duk inda aka tura waƙar, ko ta Xender ko ta Bluetooth ko a memori, da bayaninta take tafiya. In an bar shi fanko, wani ne zai cika. Shi ya sa za ka buɗe waƙa ka ga tambarin shafin da aka sauke ta, ko hoton mai shagon turi da lambar wayarsa, a inda fuskar mawaƙin ya kamata ta fito. Mutum ya sayar da buhun shinkafa ya yi waƙa, wani ya mai da ita allon tallarsa kyauta.

"Ina kuɗin?"

Mawaƙin ƙauye ba shi da kamfani a bayansa, na sani. Amma mu duba yadda ake kashe ɗan abin da ke akwai. An biya situdiyo, an biya mai kiɗa, an biya kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, wani har hayar kaya yake yi don bidiyo. Sai an gama kaf, daren da za a saki waƙar, a tuna da bango. A kira yaron da ya iya manhajar haɗa hoto irin su PixelLab ko Canva a ce, "Don Allah ɗan haɗa mini wani abu yanzu-yanzu." Ba a ba shi waƙar ya ji ba, ba a ba shi ko na kati ba. Me zai yi in ban da ya buɗe wanda ya yi wa wani jiya ya sauya kai da suna?

Ban ga laifin yaran nan ba. Cikinsu akwai masu ido sosai, su ne ke yin katin biki da fastocin 'yan siyasa a garuruwanmu. A tura masa waƙar tun ana saura mako, a gaya masa abin da ya sa aka yi ta, a biya shi, a kuma sa sunansa a ƙasa kamar yadda ake sa na mai kiɗa. Wanda ya san sunansa zai fito ba zai yarda ya manna zaki a waƙar shinkafa ba.

Wanda kuma ke son waƙarsa ta hau Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, ko Boomplay da ire-irensu, dole ma ya koyi wannan. Masu ɗora waƙa a waɗannan wurare hoto mai kusurwa huɗu daidai suke karɓa, yawanci ɗigo 3000 a tsaye 3000 a kwance, kuma suna mayar da wanda ya yi dishi-dishi ko aka rubuta masa lambar waya da adireshin shafi. Kwaskwarimar dare ɗaya ba ta wucewa a can.

Masu shagon turi su ma da nasu. In waƙa ta zo muku da bangonta da sunayenta, ku bar mata abinta. Kuna son talla, ku buga sitika ku liƙa a bayan wayar mai saye, ko ku rubuta a ƙofar shago. Masu gabatar da shirye-shiryen waƙa a gidajen rediyon Dutse da Kano kuma, in kun sa waƙa ku faɗi sunan wadda ta yi amshi da wanda ya yi kiɗa, in ba a rubuto muku ba ku mayar wa mawaƙin ya rubuto.